Maigida Ya Ce Sai da Sallah, Ni Kuma Cunkoso Nake Tsoro

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Babbar 'yarmu mai shekara 12 ta sauke Alƙur'ani, sai babansu ya yi mata alkawarin zai kai su Abuja, wurin wasan yara na Magic Land, mu sauka gidan ƙanensa a Kubwa. Ya ce da Sallah za a yi tafiyar, don lokacin ne yake samun hutu. Damuwata ita ce yaron da ke bi mata, mai shekara 8, yana da sikila. Sallar bara mun kai su wani wurin wasa a nan gari, muka daɗe kan layi cikin rana da turereniya, a daren ciwo ya tashi, sai da aka kwantar da mu asibiti. Na gaya wa maigida tsorona, ya ce so nake in sa shi saɓa alkawari. Mahaifiyarsa kuma ta ce a bar mata yaron, mu tafi da sauran. Ni dai hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Wane lokaci ne a shekara irin wannan wuri ba ya cika? Kuma ta ina zan ɓullo wa maigida?

Maman yara uku, Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya wa karatun yarinya albarka, ya ba ta ikon aiki da shi. Shi kuma yaro Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Tsoronki yana kan hanya. Amsar tambayarki ta farko kuma ba ta da nisa, bari in miƙa miki ita tun yanzu: ku tafi cikin watan Nuwamba, wajen tsakiyarsa, ranar Talata ko Laraba ko Alhamis, kuma a buɗe ƙofa kuna tsaye a bakinta. Sauran maganar dalilai ne, kuma su za ki riƙe da kyau, don da su za ki je wa maigida. Sunan wata kaɗai ba zai motsa shi ba.

Abu uku ke cika wurin wasan yara idan suka haɗu: yara ba su makaranta, iyaye ba su wurin aiki, aljihu kuma yana da ɗan nauyi. Ranar Sallah da kwanakin hutun da gwamnatin tarayya ke bayarwa, ukun nan duk a haɗe suke. Ga yara da kuɗin barka da Sallah a hannu, ga sababbin kaya da ake so a gani. Za ki ji ana cewa ai Abuja watsewa take yi da Sallah, kowa ya tafi garinsu. Da ƙamshin gaskiya a ciki, don tituna kan yi sarari, ofisoshi a rufe. Amma ki tuna da waɗanda suka rage, mutanen Kubwa da Lugbe da Nyanya da Gwagwalada, har da na Mararaba ta jihar Nasarawa da na Suleja ta jihar Neja. Da yawansu ba su da gidan kakanni a kusa da za su kai yara yawon Sallah kamar yadda muke yi a nan. Wuraren shaƙatawar nan 'yan kaɗan su ne yawon Sallarsu. Kuma hutun na kowa da kowa ne, wanda ba ya Sallah ma yana gida da 'ya'yansa, shi ma fita zai yi. Shi ya sa titi zai zama wayam, amma ki isa bakin ƙofar wurin wasa ki tarar ba masaka tsinke.

Abuja kuma tana da ranakun cikarta da mu a Sakkwato ba mu cika sa su a lissafi ba. Mafi girma shi ne daga kusan 20 ga Disamba har zuwa 1 ga Janairu, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Sai hutun Ista. Sai 27 ga Mayu, Ranar Yara, wadda makarantu ke kwaso ɗalibai bas-bas su zube su a irin waɗannan wurare. Sai 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da hutun Maulidi. Dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, shi ma ba ya rasa jama'a ko a tsakiyar mako. A cikin mako kuwa, Asabar ce kan gaba, sai Lahadi da rana bayan an taso daga coci, sai Juma'a bayan an sauko masallaci. Asabar ɗin da ta biyo bayan biyan albashi ta fi sauran, abin da ya sa na ce miki tsakiyar wata ke nan.

Wannan ba halin Abuja kaɗai ba ne. Walt Disney World da ke jihar Florida a Amurka, wanda aka buɗe a 1971, makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne ya fi cika, sannan ya fi sarari a Satumba bayan yara sun koma makaranta, da kuma tsakiyar Janairu. Har kuɗin tikitinsu ma da rana yake tafiya, ranar rububi da tsada, ranar da ba kowa da sauƙi.

Ina so ki fahimci abin da cunkoso ke yi wa yini guda, don nan ne maza kan raina abin, su ce ai ɗan layi ne. Mu ƙaddara lilo yana ɗaukar yara 20 a zagaye ɗaya. Kafin a sauke waɗanda suka hau, a ɗora wasu, a ɗaure musu bel, a juya, minti biyar sun tafi. Idan kika tarar da yara 100 a gabanku, zagaye biyar ke nan, minti 25 a tsaye. Wannan idan ba wanda ya tsallake layi, ba wanda ya kama wa 'yan gidansu wuri, wuta kuma ba ta ɗauke ba. Hawan kansa bai wuce minti biyu ko uku ba. To ki lissafa abin hawa biyar ko shida, ga layin tikiti, ga layin abinci, ga layin bayi. Yinin duka a tsaye za a yi shi, kuma tsayuwar ce ta kwantar da ɗanki bara, ba lilon ba.

Na taɓa tsayawa gefen irin wannan layi ranar Sallah. Ƙarfen da aka kewaye layin da shi ya ɗauki zafi har ba a iya dafa shi. Wata baiwar Allah tana goye da jariri, hannu ɗaya riƙe da takalman yaro, ɗayan riƙe da ledar ruwa da ta riga ta yi ɗumi, tana ta kiran sunan wata yarinya da ta sulale mata cikin mutane. Manyan yara suna kutsowa ta ƙarƙashin ƙarfe, ƙananan suna kuka, hoda da kwalli sun narke a fuska. Na kuma ga irin wurin ranar Laraba da hantsi. Mai kula da motocin da yara ke karo da juna a ciki yana zaune kan kujera yana jiran masu hawa, yara suka sauka suka sake zagayowa suka hau nan take, uwarsu na zaune a inuwa tana ganinsu da idonta tun daga hawa har sauka. Kuɗi ɗaya aka biya, amma abin da aka saya ba ɗaya ba ne. Kamar mai sayen rago ne a kasuwar Kara ranar jajibiri da wanda ya saya tun da sauran watanni.

Yanzu me ya sa Nuwamba, ba Janairu ko Yuni ba, alhali su ma makarantu na buɗe? Saboda ɗanki. Ke ba cunkoso kaɗai kike gudu ba, har da yanayi. Mu a nan mun saba damina gajera, ta fara sosai wajen Yuni, Satumba na ƙarewa ta ɗauke. Ta Abuja doguwa ce, tun wajen Afrilu har cikin Oktoba, kuma Agusta da Satumba ruwa kan wuni yana zuba. Da hadari ya haɗu ana tsawa, masu hankali cikin masu wurin wasa tsayar da manyan abubuwan hawa suke yi, kuma daidai ne su yi hakan. Ga jiƙewa, ga iska mai sanyi a kan jiƙaƙƙen kaya, abin da mai sikila ba ya so ko kaɗan. Daga Disamba zuwa Janairu hunturu ne, sanyin safe da ƙura, kuma kin san yadda hazo kan hana jirgi tashi ko sauka a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III, a wuni ana jira. Fabrairu da Maris zuwa farkon Afrilu kuwa su ne zafin Abuja. Bai kai namu na Afrilu da Mayu ba, wanda kan haura digiri 40, amma ya isa ya busar da yaro a kan layi. Nuwamba ce ta faɗo tsakani. Ruwa ya ɗauke, gari bai gama bushewa ba, hunturu bai kankama ba, yara suna tsakiyar zangon farko, iyaye kuma suna tattalin kuɗi don Disamba. Idan Nuwamba ta kuɓuce muku, sai ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin da kuɗin makaranta ya kwashe aljihun kowa, amma a tafi da rigar sanyi.

Dubi inda Sallah take faɗowa a waɗannan shekaru. A 2024 an yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, babba ranar 16 ga Yuni. A 2025 ƙarama ta zo 30 ga Maris, babba 6 ga Yuni. Kowace shekara tana ja baya da kwana 10 ko 11, don haka ƙarama tana ƙara shiga tsakiyar zafin Abuja, babba kuma tana cikin ruwa. Ba ɗaya a ciki da ta dace da yaronki. Ƙari a kan haka, ranar ƙaramar Sallah ba ta tabbata sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a daren, ga kujerun jirgi da na mota ana rububinsu a makon, kuɗinsu ya hau.

Za ki ce to ai namu yaran ma suna makaranta a Nuwamba. Haka ne, kuma ban ɗauki fashin karatu da wasa ba. Amma kowace jiha ita ke tsara kalandar makarantunta, Abuja ma da tata, kuma ba kullum suke dacewa ba. Ki karɓi kalandar makarantar yaranki, ki sa matar ƙanen maigida ta turo miki ta nasu yaran, ki ɗora su gefe da gefe. Idan hutun rabin zangonku ya faɗo a makon da su suke aji, kin samu abin da kike nema ba tare da an yi fashi ba, ko da ya kama ƙarshen Oktoba ne, sai dai a riƙa duba sama. Idan bai saɓa ba, babansu ya je da kansa ya ga shugaban makaranta, ya faɗi gaskiyar dalili, ya nemi izinin kwana biyu ko uku a makon da ba gwaji. A karɓo aikin da za a yi a bayansu. Malamin Islamiyya ma a sanar da shi. Ni a ganina, fashin kwana uku da izini ya fi sauƙi a kan mako guda a gadon asibiti, wanda shi ma fashin ne.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da ranar da ba kowa, don kada ku je ku ji ba daɗi. Wurin da ya yi sarari da yawa, wani lokaci ba a kunna kowane abin hawa. Idan da janareta ake aiki, mai kula da lilo kan jira yara su ɗan taru kafin ya tayar, kuma irin waɗannan ranaku ne ake kwance injuna a yi musu gyara. Wasu wuraren ma ba su buɗewa Litinin, shi ya sa ban sa ta cikin ranakun ba. Sannan makarantu kan kawo ɗalibai yawon buɗe ido a ranakun aiki, musamman idan zango ya kusa ƙarewa. Maganin wannan duka a hannun ƙanen maigida yake. Magic Land, wanda a da ake kira Wonderland, yana kusa da ƙofar shiga birnin ne, daura da babban filin wasa na ƙasa. Ya leƙa da ƙafarsa ana saura mako guda, ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa a ranar aiki, waɗanne abubuwan hawa ke aiki, ko wata makaranta ta kama ranar, kuma yaya tsarin biya yake, kuɗin shiga daban na hawa daban ne ko a haɗe. Ya tambayi tsawon da ake bukata kafin yaro ya hau manyan, don kada autarku ta isa gaba a mayar da ita tana kuka.

Ranar zuwa, kada ku fito Kubwa da sassafe, lokacin ma'aikata ne ke kwarara cikin gari, hanyar a cushe take. Ku bari ta lafa, ku daidaita fitowarku da lokacin buɗewa. Ku fara da abin da yaran suka fi ɗoki tun jiki da ƙarfi, rana kuma ba ta take ba. Azahar na yi ku nemi inuwa, a yi salla, a ci abinci, a huta da gaske. Kafin la'asar, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata ke fara shigowa, ku kun kama hanyar gida, kun kuma riga cunkoson yamma. Washegari idan jiki ya yarda, Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta II ta buɗe a Disamba 2003, fili ne na ciyawa da itatuwa, a shimfiɗa tabarma yara su yi ta guje-guje. Akwai kuma gidan namun daji na yara a Asokoro, gindin dutsen Aso. Kada dai a cusa komai a yini ɗaya.

Game da yaron, kafin a sayi tikitin komai, ku je wurin likitan da ke duba shi. Ki gaya masa tafiya ce, ki tambaye shi ko jirgi ko mota, ki tambaye shi waɗanne abubuwan hawa ne yaron zai ƙaurace wa, musamman masu gudu da jijjiga da masu watsa ruwa. Abin da ya faɗa shi ne magana, ya fi nawa. Kin riga kin san masu tayar da ciwon: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi, zafi mai tsanani, gajiya, da zazzaɓi. Saboda haka gorar ruwa a hannunsa koyaushe, kina tuna masa ya sha tun bai ji ƙishi ba. Hula, rigar sanyi ko da gari da ɗumi don cikin jirgi da mota akwai sanyin na'ura, kayan canji, magungunansa, katin asibitinsa, da gidan sauro na kwana. Babban Asibitin Ƙasa ba shi da nisa da wurin wasan, amma ku san na kusa da masaukinku ma tun ranar da kuka sauka. Idan jikinsa ya yi zafi, ba jira, ba a gani zuwa safe. Hanya kuma doguwa ce, ta haura kilomita 600 ta Gusau da Zariya da Kaduna, kuma kin san halin da take ciki. Idan da hali, jirgi ya fi, wajen awa guda ne. Idan mota ce, da rana kawai, a raba tafiyar, kuma a ba yaron yini guda cur ya huta kafin a je wasa. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai lambar wayar babansa.

Saura maigida. Ɗiyata, mutumin nan bai yi laifi ba da ya riƙe alkawari. Alkawari kaya ne, kuma uban da ke jin nauyinsa a kan 'yarsa abin godiya ne. Abin da ya ji a bakinki shi ne a fasa, shi ya sa ya ɗaure. To kada ki je masa da a fasa, ki je masa da rana. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci. Ki fara da gode masa. Sannan ki ce, Baban yara, so nake kuɗin nan da za ka kashe yaran su ci moriyarsa, ga abin da na bincika. Ki nuna masa kalandar biyu, ki yi masa lissafin layin nan, ki kawo bambancin kuɗin tafiya. Maganar kwanciyar asibitin bara ki taɓa ta sau ɗaya, a hankali, ba da sigar ɗora laifi ba, don shi ma bai manta daren ba ko da bai faɗa ba. Batun hutu kuma, ma'aikaci yana da hutun shekara, kuma neman kwana uku ko huɗu a Nuwamba ya fi sauƙin samu a kan lokacin da kowa ke nema. Idan ya amince, ki bar shi ya tara yaran ya sanar da su da bakinsa, a rubuta ranar a manna a bango.

Ga wani abu da nake so ki kiyaye ƙwarai. Kada a ce wa yaran an ɗaga tafiya saboda ciwon ɗan uwansu. Yarinyar za ta ji an tauye mata kyautarta saboda shi, ko ba ta furta ba, shi kuma zai ji shi ne mai ɓata wa mutane jin daɗi. Yara masu sikila suna ɗauke da wannan tunani fiye da yadda iyaye ke zato. A ce musu an zaɓi ranar da za su hau komai son ransu ba layi, kuma gaskiya ce. Ita mai sauka a yi mata wani abu nata na musamman da Sallah, ko ɗinki ne ko sabon Alƙur'ani mai kyau, don ta san ba a manta da ita ba.

Hajiya kuma tausayi ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ki gode mata har zuciya. Amma ban goyi bayan a bar shi ba, sai fa idan likita ne ya hana tafiyar. Yaro mai shekara 8 da aka bari a gida 'yan uwansa suka dawo da hotuna da labari, wannan yana zama a ransa. Ba ke za ki mayar mata da amsa ba, ɗanta ne zai je ya yi mata bayani, ya ce an samu lokacin da ya dace da jikan nata, ya nemi ta sa albarka.

Idan kuma duk da haka ya ce shi dai sai a Sallah, kada ki mayar da abin rigima. Ki roƙe shi abu ɗaya: a yi Sallah a gida Sakkwato, a gaida dangi, sannan a tafi bayan hutun gwamnati ya ƙare ma'aikata sun koma ofis, a shiga wurin wasan ranar aiki da safe, a fito kafin rana ta take. Jama'a sun ragu sosai a lokacin, don kuɗin Sallah sun ƙare. Bai kai Nuwamba ba, saboda zafi ko ruwa na nan, amma da sharaɗin likita ya yarda, ya fi ranar Sallah nesa ba kusa ba. Ki rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da shi, da abin da likitan ya ce.